Wasannin Fim na Telebijin da Sayar da Su Tasha-Tasha a Amurka

A farkon shekarun 1950, yawancin wasannin kwaikwayo na telebijin a Amurka kai tsaye ake watsa su daga birnin Niyok, kuma su ne masu sharhi suke ganin darajarsu. Sai dai wasan kai tsaye da an gama shi ya wuce, in ba an ɗauki hotonsa daga fuskar akwatin telebijin ba, wanda dishi-dishi yake fita. Bugu da ƙari, tashoshi da dama ba su da wayar da za ta sada su da Niyok. Sai a watan Satumba 1951 aka haɗa gabar gabas da ta yamma.

Wannan giɓi ne Frederick Ziv, mutumin Cincinnati, ya hango. Da ma ya saba sayar wa gidajen rediyo shirye-shirye a kan faifai, sai ya mai da dabarar kan fim. A ɗauki shiri, a buga kwafi masu yawa, a aika wa duk tashar da ta biya, ita kuma ta nemi mai talla a garinta. Jerin labarai masu cin gashin kansu ya dace da irin wannan ciniki ƙwarai, domin kowane mako da sabon labari da sababbin 'yan wasa, mai gabatarwa ne kaɗai ke komowa. Saboda haka tasha tana iya nuna su yadda ta ga dama ba tare da mai kallo ya ruɗe ba. Ta haka kamfanin Ziv ya fitar da Your Favorite Story a 1953, sannan Science Fiction Theatre a 1955, wanda aka ɗauki zangonsa na farko da launi, alhali gidaje ƙalilan ne ke da akwatin launi.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi daɗewa kuwa shi ne Death Valley Days, wanda Ruth Woodman ta ƙirƙiro wa rediyo a 1930. Ya koma telebijin a 1952, ya kai 1970, da labarai 452 na Yammacin Amurka. Kamfanin Pacific Coast Borax, mai sayar da garin wanki, shi ne ya ɗauki nauyinsa. Wato tarihin yankin da jama'a suka riƙa kallo mako-mako ta hannun ɗan kasuwa ya biyo. Ronald Reagan ya gabatar da shi daga 1964, kafin a zaɓe shi gwamnan Kalifoniya a 1966.

Da manyan gidajen telebijin suka rungumi fim da kansu, suka kuma mamaye sa'o'in dare, kasuwar ta tsuke. Ziv ya sayar da kamfaninsa ga United Artists a 1960.