Ƙirar Jamus ko ta Amurka: Shin inda aka harhaɗa mota ne ke nuna ingancinta?

'Yan uwanmu da ke Legas, Ibadan da Fatakwal sukan tambaye ni ko gaskiya ne abin da dillalan Abuja ke faɗa, wai Marsandi ko BMW "ƙirar Jamus" ta fi wadda aka harhaɗa a Amurka ko Afirka ta Kudu. A wajen masu neman motar gudu, wannan magana kaɗai tana ƙara wa tokumbo kuɗi. Amsata ita ce: masana'anta tana da tasiri, amma kaɗan ne idan aka gwada da irin rayuwar da motar ta yi kafin ta iso hannunka.

Da farko, ka daina dogara da bakin dillali. Lambar shasi, wato VIN, tana da haruffa da lambobi 17, kuma na farkon yana nuna ƙasa: J Japan, W Jamus, K Koriya ta Kudu, 1, 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko. A motocin kasuwar Amurka, na 10 shekarar ƙira ce, na 11 kuma masana'antar. Sai dai wasu kamfanonin Jamus sukan sa W ko da a waje suka harhaɗa motar, don haka ka duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba.

Manyan kamfanoni sun daɗe da watsa masana'antunsu. BMW Z3 da Z4 ta farko a Spartanburg ta Amurka aka yi su. Porsche ta ba kamfanin Valmet na ƙasar Finland aikin harhaɗa Boxster daga 1997 zuwa 2011. Toyota na yin Camry a Kentucky tun 1988. Zane ɗaya ne, ma'aunin gwaji ɗaya ne. Inda matsala ta fi fitowa shi ne shekarun farko na sabuwar masana'anta ko sabon samfuri, kamar Marsandi ML ta Alabama da aka fara a 1997, wadda ta sha ƙorafi.

Mu ma muna da misali a gida. PAN ta fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, kuma direbobin tasha da yawa sun fi son 504 ta Kaduna a kan ta Turai, domin an shirya ta ne don zafinmu da hanyoyinmu. Ka ga ke nan kasuwar da aka yi wa mota ta fi wurin haɗa ta muhimmanci.

Abin da nake ba da shawarar a duba kafin a biya:

Ko ta taɓa haɗari ko nutsewa a ambaliya. Motocin gwanjon Amurka da yawa haka suke zuwa.

Tsatsa a ƙarƙashinta, musamman ta Kanada, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara.

Ko an juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu.

Takardun kwastam, kuma lambar shasi ta dace da su.

Motar gudu takan sha wuya a hannun mai ita na baya, don haka ka tafi da bakanikenka, ko ka kai ta Apo a sa mata kwamfuta. Kuɗin dubawa bai kai na canjin giya ba. Allah Ya sa a saya a sa'a.