Goma Sha Shida Daga Ƙasar Hausa: Yadda Itatuwanmu Suka Shiga Littafin Masana



Duk wanda ya san ƙasar Daura ya san da itatuwa aka rubuta taswirarta. Ga Mai'aduwa a bakin iyaka, ga Rijiyar Tsamiya a ƙasar Sandamu, in ka tsallaka Nijar ta wajen Zango ko Baure ga Magarya. To, yaushe waɗannan itatuwa suka shiga littattafan masana tsirrai na duniya, wa ya kai su, kuma da wane suna suka dawo mana? Labarin ya soma ne shekara ɗari biyu da 'yan kai da suka wuce, kuma ya soma da mutuwa.

A 1822 wasu Turawan Birtaniya uku suka taso daga Tarabulus suka keto Sahara, su ne Dixon Denham da Hugh Clapperton da wani likita ɗan Sikotilan mai suna Walter Oudney. Suka isa Kukawa ta Barno a farkon 1823. Oudney shi ne mai kula da tsirrai. Aikinsa ya tsinko reshe mai ganye da fure, in an yi sa'a har da 'ya'ya, ya shimfiɗa shi tsakanin takardu, ya danne har ya bushe, ya rubuta inda ya samo shi. A ƙarshen 1823 shi da Clapperton suka kamo hanyar Kano, alhali ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa. Ran 12 ga Janairu 1824 ya rasu a Murmur, kusa da Katagum, bai ga ganuwar Kano ba. Clapperton ya wuce shi kaɗai, ya shiga Kano, ya je Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya dawo ta Katsina.

Da aka kai busassun tsirran Landan, sai aka damƙa wa Robert Brown, wanda a lokacin babu kamarsa a wannan fanni a Ingila. Ya ƙirga ya sami iri wajen 300, aka buga bayaninsa a bayan littafin tafiyar a 1826. Ɗari daga kewayen Tarabulus suke, 77 daga Barno. Na ƙasar Hausa gaba ɗayanta 16 ne. Mu da muka san ko yaro mai kiwon awaki zai lissafo ciyayi sun fi haka kafin ya numfasa, abin zai ba mu dariya. Amma dalilin a fili yake: mai aikin ya mutu a hanya, wanda ya rage jami'in sojan ruwa ne, kuma da rani ya ratsa ƙasar, lokacin da ciyawa ta bushe, yawancin ganyaye sun kaɗe.

A cikin bayanin nan ne Brown ya raɗa wa dangin ɗorawa suna Parkia, don tunawa da Mungo Park wanda ya mutu a Kwara wajen Busa. Har daddawa an ambata, yadda ake sarrafa kalwa a bar ta ta ruɓa a yi ta curi-curi don miya. Wani abin murmushi a nan, a rubuce-rubucen Turawa na wancan zamani ana kiran itacen "Doura". Kada wani Badauri ya gani ya yi murna, ɗorawa ce kunnen baƙo ya gutsure wa wutsiya.

Bayan su sai Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim. Ya biyo ta Tasawa da Gazawa ya shiga Katsina a Janairun 1851, ya wuce Kano, daga nan Gumel har Kukawa. A farkon 1853 ya sake zuwa Katsina daga Damagaram. Shi ba masanin tsirrai ba ne, amma yana jin Hausa, kuma a littafinsa mai juzu'i biyar ya riƙa kiran itatuwa da sunayen da ya ji a bakin mutane, su kuka da gawo da tsamiya da ɗorawa. Ku duba hanyoyin nan da kyau: Katagum, Kano, Katsina, Gumel, Damagaram. Sun yi wa Daura zobe ba su shige ta ba. Baƙi hanyar fatake suke bi, daga babbar kasuwa zuwa babbar fada, ita kuwa Daura a wancan ƙarni a rabe take gida uku tun bayan jihadi, Fulani a birni, zuriyar sarakunan Haɓe a Zango da Baure. Sai a 1906 aka maido da Malam Musa gadon kakanninsa. Don haka itatuwan Daura ta hannun maƙwabta suka shiga littafi.

Sunayen Latin da suka dawo da su kansu tarihi ne. Kuka Adansonia ce, daga Michel Adanson, Bafaranshen da ya isa Senigal a 1749. Lalle Lawsonia ne, daga Isaac Lawson, wani likita da ya taimaka wa Linnaeus, uban wannan tsari na suna, da kuɗin buga littafi. Gawo kuwa tun 1934 ake ce masa Faidherbia, daga Louis Faidherbe, gwamnan mulkin mallakar Faransa a Senigal. Itacen da manomin Baure ke lallaɓawa a gonarsa, sunan sojan mamaya yake ɗauke da shi a duniya. Sai kuma na wurare: sunan aduwa na cewa ta Masar ce, na sabara da maɗaci na cewa na Senigal ne, na tsamiya na cewa ta Indiya ce, alhali masana da yawa na ganin asalinta na Afirka ne. Inda Bature ya fara cin karo da itace, ko ya fara jin labarinsa, nan ya zama garinsu.

Ba mu ce tsarin ba shi da amfani ba. Mu kanmu itace guda wani gari a ce bagaruwa wani a ce gabaruwa, Bafulatani da Babarbare kowa da nasa sunan, dole a sami suna ɗaya da likita a Zariya da masani a Jamus za su haɗu a kai. Aibinsa ɗaya, ƙa'idarsa tana tuna wanda ya fara bugawa a takarda, ba ruwanta da wanda ya nuna itacen da yatsa.

Mutumin da ya fi kowa cancantar mu daɗe a kansa shi ne John McEwen Dalziel. Shi ma likita ne ɗan Sikotilan, an haife shi a 1872, ya fara aikin asibitin mishan a ƙasar Sin, sannan a 1905 ya shiga aikin likitancin gwamnati a Afirka ta Yamma. Ya tattara tsirrai a Zungeru da Kwantagora da Yola da Sakkwato, da kuma Katagum, ƙasar da Oudney ya kwanta dama shekara tamanin da wani abu kafin zuwansa. Abin da ya bambanta shi da na baya shi ne zama. Ya ga damina ya ga kaka, ya ga itace da furensa da 'ya'yansa, ya aika da su lambun binciken tsirrai na Kew a Landan aka tantance. A 1916 ya fitar da wani ɗan littafi, A Hausa Botanical Vocabulary, ƙamus ne na sunayen tsirrai. Sunan Hausa ke zuwa farko, na Latin ya biyo baya, sannan amfanin abin. Wannan jeri kawai ya isa a yaba masa, domin ya nuna ya gane inda ilmin yake.

Ilmin kuwa a bakin mutane yake: boka da wanzami da 'yar mai ganye, majemi da ya san bagaruwa, marini da ya san baba, masassaƙi da ya san ƙirya ita ce turmi, makiyayi da ya san abin da ke kashe tunkiya. Sunan Dalziel ne a bangon littafin, kuma tun 1910 abokin aikinsa John Hutchinson ya sa wa hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, suna Boswellia dalzielii. Tsohuwar da ke dafa ɓawon hano tun kafin a haifi kakansa ba ta shiga lissafi ba. Duk da haka ba don littafin ba, da sunaye da yawa sun bi masu su kabari.

Ku duba zurfin abin da ya tarar. Dangin itatuwan da masana ke tarawa a ƙarƙashin Ficus, Bahaushe ya riga ya rarrabe su: ɓaure daban, cediya daban, durumi na ƙofar fada, gamji, shirinya, kawari. Masu ƙaya ma haka, farar ƙaya da dushe da dakwara mai ƙaro da sarƙaƙiya. Mu kuwa yau sai mu rubuta littafi shafi ɗari biyu, jarumi ya zauna a gindin "wata bishiya" tun daga farko har ƙarshe. Inuwar durumi ba inuwar gawo ba ce, musamman da damina, lokacin da gawo ke tsaye tsirara.

Da Dalziel ya bar aiki sai ya koma Kew, shi da Hutchinson suka fitar da Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936, ya bi shi da littafinsa na tsirrai masu amfani a 1937. Ya rasu a 1948. R.W.J. Keay da F.N. Hepper suka sabunta na farkon, H.M. Burkill ya faɗaɗa na biyun zuwa juzu'i shida tsakanin 1985 da 2004. A 1980 Z.O. Gbile na cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan ya fitar da nasa jerin sunayen Hausa.

Akwai tambayar da mai son garinsu ba zai rasa yi ba: shin muna da tsiron da babu shi ko'ina sai wurinmu? Irin wannan an fi samunsa a tsibiri ko kan dutse mai tsawo, inda tsiro ya keɓe dubban shekaru. Ƙasarmu shimfiɗa ce, ba shinge tsakaninmu da Senigal ta yamma ko Sudan ta gabas. Frank White, a littafinsa na 1983 kan tsirran Afirka, ya ƙiyasta wannan doguwar ɗamara tana da iri wajen 2,750, kusan kashi ɗaya cikin uku nata ne na kanta. Amma na ɗamarar ne baki ɗaya, ba na masarauta guda ba. Abin da ya keɓanta da ƙasa irin ta Daura shi ne zaɓi. Itatuwan da ke tsaye a gonakinmu ba ragowar daji ba ne kawai, hannu ne ya tace su: an bar kuka don miya, ɗorawa don kalwa, kanya da ɗinya don yara, goriba don kaba, gawo don taki da abincin dabbobi.

Wannan zaɓi yana canzawa, kuma an fi ganin haka a gari. Darbejiya, wadda yaranmu ke ɗauka tun fil'azal take nan, baƙuwa ce daga Indiya. Wajen 1928 aka fara dasa ta a Barno, shekara goma sha biyu bayan ƙamus ɗin Dalziel, yau kuwa ita ce inuwar makaranta da tasha da bakin titi.

A ƙetaren iyaka kuma wani abu ya faru da ya sake jawo masana wannan yanki. Bayan farin 1973 da na 1984, manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututture a gona, su rage shi su bar mai ƙarfi, abin da suke kira sassaben zamani. A 2006 Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokan aikinsu suka bincika yankin Magarya da Matamai da Mirya, suka ƙiyasta kimanin hekta miliyan ɗaya ta sake cika da itatuwa, mafi yawansu gawo. Magaryar nan ita ce dai wadda muka ambata da farko, mutanenta da na Zango da Baure kasuwa ɗaya suke ci.