Gangara da Tarihin Gobir da Ba a Rubuta Ba

Tarihin Gobir da ke cikin littattafai tarihin fada ne. An san Alƙalawa, birnin Bawa Jan Gwarzo, wanda masu jihadi suka ci a 1808 aka kashe Sarki Yunfa. An san yaƙin Gawakuke na 1836 da kafuwar Tsibiri a bayansa, an kuma san yadda Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Abin lura shi ne fadar ce ta yi ta ƙaura, amma manoman fadamun Rima da Bunsuru ba duka suka bi ta ba. Saboda haka mai neman sanin yadda Gobir ta ɗore, a garuruwa irin Gangara da Gatawa da Tsamaye zai samu amsa.

Za a ce ƙaramin gari ba shi da abin tarihin nunawa. Wannan awo ne da mudun ƙasashen da ke gini da dutse. A nan da laka ake gini, damina kuwa ba ta barin ganuwar da aka daina yaɓe. Abin da ke saura shi ne kufai: tudun da fartanya ke tono tsingaro a cikinsa, tsofaffin kukoki, maƙabarta, da sunan unguwa mai faɗin sana'ar waɗanda suka fara zama. Ba mai iya karanta waɗannan sai dattijon da aka nuna wa tun yana yaro. Za a kuma ce labarin baka ba abin dogaro ba ne. Gaskiya ne yakan karkata, to amma Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello ma daga ɓangaren waɗanda suka ci yaƙi ya fito. Aikin masani ya gwama su, kowanne ya gyara ɗan'uwansa.

Hujja mafi nauyi ita ce ta masu cewa rai ake nema yanzu, tarihi ya jira. Ba zai jira ba. Tun 2019 mutanen Sabon Birni da Isa ke tsallakawa jihar Maraɗi gudun 'yan bindiga, a watan Agustan 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasa ransa a hannunsu. Gobe in an dawo ana gardamar iyakar gona da gadon sarauta, shaidar dattawan nan za a nema. Ya kamata Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu su bi su inda suka fake, su naɗi muryoyinsu tun suna da rai.