Ƙarar "ƙas-ƙas" idan mota ta sha kwana

A motocin da tayoyin gaba ke ja, irin su Toyota Corolla da Starlet, wannan ƙara galibi daga kardan take fitowa, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa taya. A bakinta akwai gaɓa mai ƙwallayen ƙarfe cikin girisi, an rufe ta da roba, wadda makanikai ke kira sufule. Zafi da tsufa suna tsaga robar, girisin ya zube, rairayi ya shiga ya dinga cin ƙarfen. A hanyoyinmu masu yashi, abin ba ya ɗaukar lokaci.

Gwajin ba wuya. A samu fili, a murɗa sitiyari har ƙarshe, a zagaya sannu a hankali, gaba da baya. Idan ƙarar tana maimaituwa, tana ƙara sauri tare da juyawar taya, kardan ne. A leƙa bayan tayar, sau da yawa za a ga baƙin girisi ya fantsama.

Idan robar ce kawai ta tsage, ƙara ba ta fara ba, sabuwar roba da girisi sun isa. In ta fara, sai canza gaɓar. Cusa girisi yana rage ƙarar ne kawai, ƙarfen ya riga ya cinye.

Ƙara guda ɗaya kuwa, "ƙum", a kwana ko cikin rami, ta fi nuna rotil. Wannan ba a jinkiri da shi, domin idan ya fita, tayar na iya karyewa ana cikin tafiya.