Sulusin mamaci: yadda wasiyya ta zauna a ƙasar Dakoro

A Dakoro, idan an dawo daga maƙabarta, akwai tambayoyi biyu da dattawa ba sa tsallakewa. Ana bin sa bashi? Ya bar wasiyya? Sai an amsa su kafin malami ya taɓa gado.

Kalmar wasiyya daga Larabci ta zo, kuma aiki biyu take yi a bakin Hausawa. Tsoho kan yi wa ƴaƴansa wasiyya da salla da zumunci, wannan gargaɗi ne. Ɗayar ta dukiya ce: mutum ya kira maƙwabta biyu ya ce, in ta Allah ta kasance, karsanar nan ta wane ce. Wanda aka ɗora wa cika maganar shi ne wasiyyi.

Iyakar wasiyyar dukiya tsohuwa ce. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo a Makka shekarar hajjin bankwana, ƴarsa guda tilo. Ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi (SAW) ya hana. Ya nemi rabi, ya hana. Sulusi ya yarje masa, ya kuma nuna masa cewa shi ma da yawa. Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, tana cikin littattafan Malikiyya da suka kawo hukuncin zuwa zaurukan karatunmu, tare da sharaɗin cewa magaji ba ya cin wasiyya sai sauran magada sun amince.

Nan darajarta take. Jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa, baffanninsa sun tare masa hanyar gado. Agola ma ba shi da kaso, ko da shi ya yi shekaru yana noma gandun. Sulusin nan ne ƙofarsu, kuma abin ciwo ne yadda ake barin ta a rufe don tsoron ambaton mutuwa.

Faransawa sun kafa bariki a Dakoro a 1947, suka bar rabon gado ga malamai da sarakuna irin na Kornaka. Dokar tsarin shari'a ta 16 ga Maris 1962 ta bi wannan sawu, haka ta 22 ga Yuli 2004: gado da kyauta da wasiyya al'ada ke yanke su, alƙali na zaune da mashawartan gargajiya.

Ƙasa ce ta canza. Dokar 1961 ta shata iyakar noma daga arewa, amma manoma suka yi ta turawa har kwarin Tarka, daji ya ƙare. Gonar da aka bayar da baki jiya, yau shaidunta sun kwanta dama. Tun 1993 kundin dokokin karkara ya tanadi kwamitocin ƙasa, Kofo, masu ba da takardar shaidar gona. Makiyayan Fulani kuwa sukan ware wa yaro dabbarsa tun ran suna, kyauta ce ta mai rai, ba ta shiga lissafin sulusi.