Halitta a Matsayin Wasa: Hujjar Malaman Wedanta da Inda Ta Tsaya

Malaman Hindu na mazhabar Wedanta sun daɗe da fuskantar wata mas'ala wadda duk almajirin da ya durƙusa gaban malami da Ummul Barahin ta Shehu Sanusi zai gane ta nan take, ita ce: idan Mahalicci mawadaci ne, cikakke, wanda bai rasa kome ba, to me ya kai shi ga yin halitta, alhali mai hankali ba ya ɗaga hannu sai don biyan wata buƙata? A babi na biyu na Brahma Sutra, littafin da ake jingina wa Badarayana, an kawo wannan shubuha, aka amsa ta da cewa halitta lila ce, wasan wanda ya riga ya wadata.

Shankara, wanda ya yi wa littafin sharhi wajen ƙarni na 8, ya buga misali da sarki wanda duk muradinsa ya biya amma yana fita filin wasa, da kuma numfashi, wanda ke shiga yana fita bisa ɗabi'a kawai. A ganina misalin numfashin ya fi kore buƙata, sai dai ya fi haɗari, domin numfashi ba zaɓi ba ne, kuma wanda ya kore buƙata ta wannan hanya ya kusa kore irada tare da ita. Musulmi, wanda ya san Suratul Anbiya da Suratud Dukhan sun kore wasa daga halittar sammai da ƙasa, ba zai karɓi jawabin ba. Amma adalci ne ya lura cewa tsarkake Ubangiji daga buƙata malaman Wedanta ke nema, wanda Ash'ariyya suka nema ta hanyar kore garali, wato manufar da ke sa mai aiki yin aiki, tare da tabbatar da hikima.

Inda hujjar ta fara ɗingishi shi ne wajen wahala, kuma littafin da kansa bai ɓoye haka ba, domin nan da nan ya kawo tuhumar son kai da rashin tausayi: wane irin wasa ne ake haifar wani a fada, wani a bakin titi? Jawabinsu shi ne karma, ayyukan da rai ya gabatar a rayuwar da ta wuce, har Shankara ya kamanta Ubangiji da ruwan sama, wanda ke sauka a kan shinkafa da sha'ir bai ɗaya, bambancin tsiro kuwa daga iri yake. To amma wasan da karma ke shata wa iyaka ya rasa 'yancin da aka fara yi masa da'awa. In kuma aka tambayi asalin karmar farko, sai su ce babu farko, iri daga tsiro, tsiro daga iri, abin da masu ilmin kalami ke kira tasalsuli, suke kuma lissafa shi cikin mustahilai.