TAƁO DA SANTSI: DA WANE MA'AUNI ZA A AUNA MALAM?

Akwai dattawa biyu a unguwarmu a Gusau, ɗaya mutumin Tsafe, ɗaya mutumin Bunguɗu, dukkansu tsofaffin 'yan NEPU. Da zarar an ambaci Malam Aminu Kano, sai hirarsu ta zama gardama. Wannan ya ce yara ne suka yi wa Malam butulci, wancan ya ce Malam ne ya yi sanyi da tsufa ya zo. Asalin gardamar tana cikin tarihin PRP.

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, domin ƙwato wa talaka 'yancinsa daga mulkin En'e. A 1978 PRP ta gaje ta, kuma a zaɓen 1979 ta ci jihohi biyu: Abubakar Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna. Suna hawa suka soke haraji da jangali, abin da NEPU ta daɗe tana kira a kai.

To, daga nan ne ɓaraka ta kunno kai. Gwamnonin biyu suka shiga taron gwamnoni tara na adawa, tare da na UPN da GNPP. Uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi, aka kore su a 1980. Ɓangaren Malam aka kira shi Taɓo, na gwamnoni kuwa Santsi, wanda tsohon shugaban ƙwadago Michael Imoudu ya jagoranta, da goyon bayan masu ra'ayin gurguzu na jami'a irin su Dokta Yusufu Bala Usman. 'Yan Santsi suka zargi Malam da sassauta wa NPN. 'Yan Taɓo suka ce gwamnoni na neman jingina jam'iyyar talakawa ga Awolowo.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar 23 ga Yuni, 1981, majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. Ranar 10 ga Yuli aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara, a tarzomar Kano. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, bai ga an ɗinke ɓarakar ba.

Mai karatu ya sani, wannan ciwo tsoho ne a gidan gurguzu. A 1956 Kurushef ya tona asirin ta'asar Sitalin, abin da ya taimaka wajen raba Rasha da Sin. A 1981 jam'iyyar Sin ta yanke wa Mao hukunci cewa alherinsa ya rinjayi kurakuransa. Malam kuwa ba ɗan kwaminis ba ne, domin ra'ayinsa ya sha nono daga Musulunci da jihadin Shehu Usmanu, kuma bai taɓa riƙe ƙasa ba balle ya ɗaure wani.

A ganina, Malam ne ya koya wa talaka cewa a'a, amma da almajiransa suka ce masa a'a, jam'iyyar ba ta da hanyar sasantawa sai kora. Su kuma almajiran, da ra'ayinsa suka soke haraji, amma gaggawa ta sa suka rushe inuwar da ke kare su.

Don haka ina kira ga 'yan'uwa marubuta: in za mu rubuta tarihin Malam, mu nemi tsofaffin Taɓo da na Santsi tun suna raye, mu ji ta bakin kowa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.